Kiɗan da Waya Ba Ta Iya Ɗauka

A bakin ƙofa wata matashiya ta karɓi kuɗina, ta buga mini hatimi a bayan hannu, sannan ta nuna mini wani kwano cike da 'yan robobin toshe kunne. Kyauta ne, in ji ta. Gidan kiɗan da zai ba ka abin toshe kunne tun ba a soma ba, ai ya gaya maka gaskiya tun daga ƙofa.

Ɗakin yana ƙarƙashin wani shago a unguwar Dalston, gabashin Landan, kusa da kasuwar Ridley Road inda mutanenmu ke sayen doya da manja. Ba mu kai mutum 60 ba a ciki. Ba dandamali, makaɗan a ƙasa suke kamar kowa, ga fitila ɗaya ja. Unguwar ta saba da irin wannan kiɗa. A nan Cafe OTO yake, wanda aka buɗe a 2008, sunansa kuwa da Jafananci yana nufin sauti. A wannan yanki na Hackney ne kuma ƙungiyar Throbbing Gristle ta zauna a shekarun 1970 tana haɗa kiɗa da ƙarar injuna. Tunanin ma ya girme su, don tun 1913 wani Ba'italiye, Luigi Russolo, ya rubuta cewa ƙarar masana'antu da ta titi ta cancanci shiga kiɗa.

Na shiga ne da kunnen Bahaushe, kuma kunnen Bahaushe magana yake nema. In muna yabon Shata ko Narambaɗa, azancinsu muke yabo, da kirari, da habaici, da yadda 'yan amshi ke karɓa. A wurinmu kiɗa doki ne, waƙa ce mahayi. To ga doki an sako ba mahayi, ba kalma ko ɗaya, ba ma bugun da ƙafa za ta bi. Da me za a auna shi? Da wane ma'auni za a ce wannan gwani ne, wancan kuwa hayaniya kawai yake?

Wadda ta fara ce ta ba ni amsa. Ta zauna gaban tebur mai na'urori da wayoyi, ta murɗa wani abu, sai wani ƙugi mai kauri ya taso, amo ɗaya tak, ba hawa ba sauka. Minti biyar ya wuce a haka, har na fara tunanin kuɗina. Sai ta sako amo na biyu, kusa da na farko ƙwarai amma ba daidai ba, nan take ɗakin ya soma numfashi. Abin ba sihiri ba ne: in amo biyu suka yi kusa, a ce ɗaya yana girgiza sau 55 a daƙiƙa, ɗayan sau 57, kunne zai ji sautin yana kumbura yana sacewa sau 2 a kowace daƙiƙa. Da wannan ɗan bambancin ta yi ta wasa. Ta matso da su, numfashin ya yi sanyi, ta raba su, ya koma haki. Ba ta da ganga, amma ta samar da bugu.

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai busa algaita ya san wani abu daga cikin wannan. Mai algaita yana tara iska a kumatu yana shaƙa ta hanci, busar ba ta yankewa, har ka daina jiran inda za ta tsaya. Haka ya faru da ni. Da na daina jiran waƙa ta shigo, sai na fara jin abin da ke akwai: ƙirjina yana rawa, kwalaben da ke kan kanta suna ƙaraurawa a hankali, kuma in na juya kaina hagu sautin ya sauya. Mun saba cewa gani ya kori ji. A ɗakin nan ji ne ya kori gani, don yawancinmu idonmu a rufe yake.

Wajen minti 40 ta yi. Abin da ya tabbatar mini da gwanintarta shi ne fuskarta. Sauraro take yi. Takan ɗora yatsa a kan maɓalli ta daɗe ba ta taɓa ba, tana jiran ɗakin ya amsa mata. Da ta yanke ƙugin gaba ɗaya, shirun da ya biyo baya har nauyi gare shi. Muka ji firjin sayar da lemo yana gunji a lungu, aka daɗe kafin wani ya yi ƙarfin halin tafi.

Masu biye mata maza ne uku cikin baƙaƙen alkyabbu, da jita biyu, da hayaƙin na'ura. Duk wanda ya san Sunn O))), ƙungiyar da Stephen O'Malley da Greg Anderson suka kafa a Amurka a 1998, ya san inda aka aro shigar. Sai dai aron riga ba ya kawo gwaninta. Tun minti na farko suka ƙure ƙara, daga nan kuma ba su da wurin zuwa. Ba wanda yake sauraron ɗan'uwansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2022 cewa kada matsakaicin ƙara a wuraren kiɗa ya wuce desibel 100, kuma robobin nan na bakin ƙofa ba ado ba ne. Amma ƙarfin ƙara bai dame ni kamar rashin dalilinta ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

A nan na gane abin da ake kira duhu a wannan kiɗa. Na mutanen ukun a jikin tufafi yake, ana iya cire shi a rataye. Na matar kuwa a cikin sautin yake: ta ƙi ba mu sauƙin da muka saba samu, wato amshi ya dawo, hankali ya kwanta. Ta bar mu a rataye da kanmu, kamar mai kwana a asibiti yana jinya, ba abin da yake ji sai injin da ke gefen gado. Wannan yanayi kowa ya san shi, amma kiɗan nishaɗi ba ya zuwa wurin.

Za a iya cewa wannan duk gayun Turawa ne da suka ƙoshi har suke biyan kuɗi su ji abin da mu janareta ke ba mu kullum. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, don baƙaƙen fuska a ɗakin ba mu da yawa. Sai dai kiɗan bai tsaya a Turai ba. Kamfanin Nyege Nyege Tapes na Kampala ya fitar da faifan Duma a 2020, wasu 'yan Kenya biyu da ƙararsu ta fi ta mutanen ukun nan ban tsoro. Kuma janareta ba ya sauraro, ba ya zaɓen lokacin da zai yi shiru. Bambancin ke nan.

Na ɗauki minti biyu na wasan matar a wayata, da niyyar tura wa wani abokina a Kano. Washegari da na kunna, wani ɗan ziza na ji kamar na sauro. Kunnen mutum yana jin amo tun daga girgiza 20 a daƙiƙa, amma lasifikar waya ƙarama ce, ba ta iya tura iskar da amo mai kauri ke buƙata. Abin da ya girgiza ƙirjina bai shiga ba sam. Galibinmu yanzu ta wannan 'yar lasifika muke sanin kiɗa, cikin guntayen bidiyo, kuma abin da ba ta ɗauka sai mu ɗauka babu shi. Ban tura masa ba. Na dai rubuta masa cewa ranar hawan sallah ya matsa kusa da masu kakaki da tambura, ya bar wayarsa a aljihu.