Sa'o'i 500 da Idon Malami: Nazari a Kan Horar da Malaman Yoga

Duk mai son zama malamin yoga a yau, ko a Amurka ko Turai ko garin Rishikesh na Indiya, hanya a share take gabansa. Zai biya kuɗi ya shiga kwas na sa'o'i 200, wanda wasu makarantu ke gamawa cikin wata guda. In yana son zurfafa sani, sai ya ƙara na sa'o'i 300, su haɗu su zama 500. Ƙungiyar Yoga Alliance, wadda aka kafa a Amurka a 1999, ita ta yaɗa wannan ma'auni. To, mene ne ɗalibi yake samu a mataki na biyun nan, a gaban gogaggen malami, wanda littafi da bidiyo ba za su ba shi ba?

Amsar tana cikin tarihin Tirumalai Krishnamacharya, wanda aka haifa a 1888 ya rasu a 1989. Yoga tsohuwar aba ce da ta samo tushe daga addini da falsafar Indiya, amma yawancin salon motsa jiki da duniya ta sani da wannan suna a yau daga hannunsa ya biyo. A shekarun 1930 ya koyar a fadar Jaganmohan da ke Mysore, bisa tallafin sarkin ƙasar, Krishnaraja Wadiyar na Huɗu. Mutum huɗu ne suka fi shahara cikin almajiransa, kuma abin lura shi ne kowannensu da irin abin da ya fita da shi.

Pattabhi Jois ya fara karatu a wurinsa yana ɗan shekara 12, ya tashi da salo mai ƙarfi da tsalle da gumi, wanda ya dace da samari. Indra Devi, 'yar asalin birnin Riga, ta kai salo mai sauƙi har Hollywood. B.K.S. Iyengar, ƙanin matar Krishnamacharya, ya zo Mysore yana yaro mai yawan laulayi, aka tura shi koyarwa Pune a 1937, ya kuma shahara da bin diddigin yadda kowace gaɓa za ta zauna. Shi kuwa Desikachar, ɗan Krishnamacharya, injiniya ne da ya ajiye aikinsa ya zauna gaban mahaifinsa shekaru masu yawa a Madras, ya gaji koyar da mutum ɗaya-ɗaya gwargwadon shekarunsa da lafiyarsa. Da a ce jerin motsi kawai malamin yake bayarwa, da duka huɗun sun fito iri ɗaya. Abin da ya gadar musu shi ne ido, wato iya duban jikin da ke gabanka ka san abin da zai ɗauka.

Ana ganin wannan sarai a ajin da ake kira salon Mysore. Tun asuba ɗalibai ke shimfiɗa tabarminsu, kowa yana bin jerinsa da saurinsa, babu mai ba da umarni daga gaba. Ba ka jin komai sai ƙarar numfashi ta hanci, ana riƙe yawancin tsayuwa tsawon numfashi biyar. Malami yana zagayawa. In ya ga ɗalibi ya kasa haɗa hannuwansa ta baya a wata murɗa, nan zai tsayar da shi, ko da zai yi watanni a wurin. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan ƙa'ida: ba a yi wa yaro ƙari sai ya iya abin da ke allonsa.

A gidan Iyengar kuwa, wato cibiyar da ya buɗe a Pune a 1975, idon yana bayyana ta kayan aiki. Dattijo ya sunkuya gefe, hannunsa bai kai ƙasa ba, ƙirjinsa ya rufta. Sabon malami zai ce masa ya ƙara ƙoƙari. Gogagge zai sa masa guntun katako a ƙarƙashin tafin hannu, ya ce ya danne diddigen ƙafar baya, nan take ƙirji ya buɗe, numfashi ya daidaita. Ɗamara da bargo da igiyar bango duk don haka aka tanade su. Mai neman zama malami yana koyon wannan ne ta tsayuwa a gefen malaminsa yana kallo, sannan a ba shi ajin shi ma a kalle shi.

Nan ne tsarin sa'o'i ya gaza. Sa'a tana auna zama a aji, amma ba ta auna gani. Yoga Alliance rajista take yi, ba ta yi wa kowa jarrabawa da kanta, don haka takardar 500 daga makarantu biyu na iya ɗauke da ilimi mai nisan tazara. Ƙungiyar ma ta san da haka, shi ya sa ta ware matsayi na gogaggu, wanda mafi girmansa ke bukatar sa'o'i 2,000 na koyarwa.

Sai dai tsohon tsarin ma ba a rasa shi da tabo ba, kuma rufe ido a kai zalunci ne. Iyengar da bakinsa ya sha ba da labarin tsananin malaminsa. Mafi muni, bayan rasuwar Jois a 2009, mata da dama sun fito sun ce ya riƙa taɓa su ta hanyar da ba ta dace ba da sunan gyara musu tsayuwa, kuma a 2019 jikansa Sharath Jois ya amince a fili cewa an yi hakan. Girmama malami ya kai inda ɗalibi ba ya iya cewa a'a, sauran kuma suka yi gum. Saboda haka makarantu da yawa yanzu ke neman izini kafin a taɓa kowa, wasu har da ɗan kati da ɗalibi ke ajiyewa a bakin tabarmarsa.

Ra'ayina shi ne kusanci da malami ya zama dole, amma sai da shaida da iyaka. Kwas mai zurfi ya cancanci sunansa ne kawai in ɗalibai ba su yi yawan da malami zai kasa sanin kowa ba, in ana sa ɗalibi ya koyar a gyara masa, in kuma yana da damar yin tambaya da ƙin abin da bai yarda da shi ba. Wanda zai biya kuɗinsa, kafin ya tambayi yawan sa'o'i, ya fara tambayar wa ya koyar da malamin, shekara nawa ya yi yana koyarwa, kuma wa ke iya taka masa burki in ya kauce.