Malam-buɗe-littafi a ajin lissafi

Wata dabara ta shigo makarantun firamarenmu na Illela daga bidiyoyin Facebook da TikTok, kuma matasan malamai sun rungume ta. In za a haɗa rabi da sulusi, sai a zana fikafikai biyu a gicciye, a ninka ta nan, a ninka ta can, amsa ta faɗo. Zanen kamar malam-buɗe-littafi. Yara suna son ta don tana da sauri. Ni kam ina tsoron ta.

Makon jiya na ba 'yan aji biyar 2½ + 1⅓. Waɗanda suka tuna fikafikan sun samu 3⅚, amma ko ɗaya bai iya faɗa mini inda shida ta fito ba. Waɗanda zanen ya shige wa duhu suka haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa, suka rubuta 3⅖. Cikinsu har da yarinyar da ke taya mahaifiyarta awon gero ranar Lahadi a kasuwa. Na ce mata, "'Yata, kina da rabin tiya, aka ƙara miki, sai ya koma bai kai rabi ba?" Ta yi shiru, sannan ta girgiza kai. Hannunta ya san gaskiya, allo ne ya ruɗe ta.

Abin da ke ci mini rai shi ne garin nan cike yake da wannan ilimi. Ɗan canji a bakin iyakar Konni ba ya tara sefa da naira wuri guda ya ƙirga, sai ya mayar da su kuɗi ɗaya. Rabi da sulusi ma haka suke: a mayar da su sudusi, wannan uku, wancan biyu. Malaman zaure kuwa sun daɗe suna yi a rabon gado. Mace ta rasu ta bar ɗa, miji yana da rubu'i, uwa tana da sudusi, sai malam ya nemo asalin mas'ala, sha biyu, ya ba miji uku, uwa biyu. Abin da littafin turanci ke wahalar da yaro a kai ke nan, kuma sunayen duk suna bakinmu.

Na san uzurin abokan aikina. Aji ya cika maƙil, jarrabawar shiga sakandare tana tafe, lokaci ba ya jira. Ban ce a haramta dabarar ba. A bari sai yaro ya fahimta tukuna.

Shekaranjiya na shigo da karan dawa. Kowane yaro ya ajiye cikakku uku gefe, ya auna ɗaya ya zana masa gaɓa shida daidai. Darasin ya ci kwana biyu maimakon minti arba'in. Da yarinyar nan ta ƙirga gaɓa biyar, sai ta ɗago kai ta ce, "Malam, saura sudusi ɗaya ya cika huɗu."