Wa Zai Ara Maka Caja?

Ƴan'uwa ɗalibai, kwanan nan duk fadar da na zauna shan shayi sai na ji zance guda: wannan zai bar Android ya koma iPhone, wancan kuma daga iPhone ya dawo yana rantsuwa. Canza waya ba laifi ba ne. Abin da nake suka shi ne ma'aunin da muke auna ta da shi, wanda muka kwaso daga bidiyoyin masu buɗe kwali a YouTube da TikTok.

Ku lura da bidiyoyin nan da kyau. Mutum ya zauna a ɗaki mai sanyi, kuran ba ya ɗaukewa, wifi na gudu kamar ruwan famfo. Sai ya ɗauki minti goma yana yabon kyamara, yana nuna hoton fure. Ban taɓa jin ɗayansu ya yi tambayar da ta dami ɗalibin Maraɗi ko Damagaram ba: in wayar ta mutu da azahar a amfi, wa zai ara maka caja? A wurinmu waya ba ta zama ita kaɗai. Tana rayuwa ne cikin wayoyin abokai, da cajar maƙwabci, da teburin mai gyara a bakin kasuwa.

Mu fara da cajar. Daga 2012 har zuwa iPhone 14, Apple na amfani da bakin caji nasa na kansa, Lightning. Sai a 2023, da iPhone 15, ya koma USB-C, bayan Tarayyar Turai ta yi dokar caja iri guda. To amma wa ke riƙe da iPhone 15 a cikinmu? Abin da ke isowa hannun ɗalibi ta-hannu ce, 8 ko XR ko 11, duk masu tsohon baki. Ka shiga ɗakin kwanan ɗalibai ka ce a ba ka caja, za a miƙo maka uku, ba wadda ta shiga. Ranar da aka wuni ba kuran, mai Tecno ko Itel da batir 5000 mAh yana ta karatunsa, kai kana zagaye.

Sai maganar pus. Yawancinmu layi biyu gare mu, don inda Airtel ke da rezo ba lalle Moov ko Zamani su kai ba, kuma forfe ɗin intanet ya bambanta. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Itel da Infinix, ya gane haka tun da wuri, shi ya sa ya mamaye kasuwar Afirka. Akasarin iPhone kuwa gurbin pus guda gare su, na biyun eSIM ne. Waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga iPhone 14 ma ba su da gurbin sam. Mai bidiyo zai ce maka wannan ci gaba ne. A garinsu, ƙila.

Inda abin ya fi ciwo shi ne karatu. Delege ya samu kur a PDF, ko wani ya naɗi muryar malam, sai a riƙa turawa hannu da hannu ta Bluetooth ko Xender, ko a ciro kart memwar a ba ka. iPhone ba ta da gurbin kart, kuma Bluetooth ɗinta ba ya karɓar fayil daga Android. Sai dai ka bi ta wata manhaja, ko ka ce a turo ta WhatsApp ka ƙona megarka. Shi kansa WhatsApp, a Android yana ajiye hirarraki a Google Drive, a iPhone kuma a iCloud, kuma ɗaya ba ya buɗe na ɗaya. Tun 2022 akwai hanyar kwashe su ta Move to iOS, amma sai wayar tana sabuwa ko an goge ta kaf. Wanda bai sani ba, ya cusa pus ya buɗe, sai ya tarar saƙonnin gurup na shekara biyu sun tsaya a tsohuwar wayar da ya riga ya saida.

Kar a ce na tsani iPhone. Akwai inda ta yi gaba: Apple kan ci gaba da sabunta wayarsa shekara biyar ko fiye, alhali Android mai arha sau da yawa ba ta samun ko rabin haka. Ka saye ta tana gudu, bayan shekara biyu ta cika da tallace-tallace tana jan ƙafa kamar jakin da ya sha kaya. Wanda ya gudu daga wannan yana da hujja. Sai dai ya duba shekarun abin da zai saya: a 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan iOS da bai kai 15.1 ba, ke nan iPhone 6 ta zama madubin duba fuska.

Wani abokina ya tara jikkunansa wata da watanni, ya sayi ta-hannu wurin wani mai shago da ba zan ambata ba. Bayan sati biyu ya goge ta don ya kwaso hirarrakinsa, sai ta nemi kalmar sirrin mai ita na farko. Mai gyara ya jujjuya ta, ya ce sai dai a ciri gilashin a saida. Da ya sani, tun a shagon zai sa a goge ta gabansa, ya shigar da asusunsa, ya sa pus ɗinsa ya kira wani, kafin ya ƙirga ko dala. Yanzu tsohuwar Itel ɗin ƙanwarsa yake riƙe da ita, kuma da ita ya karanta kur ɗin jarabawar da ta wuce.