Sharhi a kan Fim ɗin The Shawshank Redemption

Frank Darabont ne ya shirya wannan fim a 1994, bisa wani labari na Stephen King wanda aka buga a 1982. Masu kallo sun fi yaba labarin tauraronsa, Andy Dufresne, ma'aikacin banki da aka ɗaure a 1947 kan kisan da bai aikata ba, ya kuma tsere a 1966. A ganinmu ba a nan darajar fim ɗin take ba. Haƙurin Andy ya wuce na ɗan Adam, muguntar shugaban gidan yarin kuwa babu sirki a cikinta, don haka ba su nuna mana ainihin halin mutum ba.

Inda jigon ya yi nauyi shi ne labarin tsoho Brooks. An sake shi bayan kimanin shekara 50 a kurkuku, ya tarar ba shi da gurbi a duniya, ya rataye kansa. A nan ne aka bayyana yadda dogon ɗauri kan cinye mutum har ya riƙa tsoron 'yanci. Ko don wannan kaɗai fim ɗin ya cancanci kallo.