Masu Bin Sawun Wuta a Cikin Kwamfuta

Idan kwamfutar tebur ta ƙi tashi, hukuncin da aka fi yankewa a shagon gyara bai wuce kalma uku ba: bod ya mutu. Sai a ce wa mai ita ya sayo wani. Amma akwai 'yan tsirarun masu gyara da ba sa saurin yi wa madabod jana'iza. Su tambayarsu ɗaya ce: daga ina wuta ta shigo, kuma a ina ta tsaya?

Madabod shi ne babban faifan da firosesa da ram da sauran kaya ke zaune a kansa, kuma ba ya farkawa a tashi ɗaya. Tun da kamfanin Intel ya fito da tsarin ATX a 1995, wuta na bin tsari, wannan sai wancan ya tabbata. Gwani ya haddace tsarin, shi ya sa mita yake fara ɗauka kafin ƙarfen dalma.

Da akwatin wuta yake farawa, domin sau da yawa laifin nasa ne. Zai zare filogin nan mai baki 24, ya haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan guntun ƙarfe. In fankar ta juya, sai ya auna: rawayar waya bolt 12, ja bolt 5, mai ruwan lemo 3.3. Akwai kuma waya mai launin shunayya da ke ba da bolt 5 ko da kwamfutar a kashe take, muddin tana jone da soket. Wannan 'yar wutar ce ke raya ƙaramin cif ɗin da ke sauraron maɓallin kunnawa. In babu ita, danna har yatsanka ya gaji.

Daga nan sai abubuwa masu arha. Batirin CR2032, mai bolt 3, kan shanye ya rikita saitin BIOS, ɗan shirin da ke tada kwamfuta. Ram kan yi datti a baki, musamman a wurinmu da ƙurar hunturu ba ta barin ko'ina, a goge shi da abin goge fensir ya dawo aiki. Wani lokaci gwani da gangan yake cire ram ɗin gaba ɗaya ya kunna. In bod ya yi kukan neman ram, to labari mai daɗi ne: firosesa na raye, BIOS na karantuwa. Shirun ne abin tsoro.

Inda aka fi gane hannu shi ne gefen firosesa. Ita firosesa ba ta cin bolt 12, abin da take so bai fi bolt ɗaya da ɗan wani abu ba. Jerin ƙananan tiransisto da ake kira mosfet, tare da koyil da kafasita, su ke sauko da wutar. A nan zafi ya fi yawa, a nan kuma ake yawan samun shot, wato wuta ta bi gajeriyar hanyar da ba tata ba. Alamarsa sananniya ce: fanka ta ɗan motsa ta tsaya, domin akwatin wuta ya ji shot ya kashe kansa. Mita za ta yi ƙara ta ce akwai shot a layin, amma ba za ta nuna wanne ne cikin kaya goma ko ashirin da ke layi ɗaya ba. Sai gwani ya tura wuta 'yar kaɗan, kamar bolt ɗaya, cikin layin, ya shafa sifirit a kan kayan. Wanda sifirit ɗinsa ya riga bushewa shi ke zafi, shi ne ɓarawon. Masu hali na amfani da kyamarar da ke ganin zafi, amma ni dabarar sifirit ta fi burge ni, don kwalba ɗaya ta ishi mutum wata da watanni.

Tsofaffin hannu ba su manta annobar kafasita ba. Daga wajen 1999 zuwa 2007 an cika kasuwa da kafasitoci masu gurɓataccen ruwan sinadari, galibi ƙirar Taiwan, suna kumbura suna tsiyaya tun kafin lokacinsu. Dell OptiPlex GX270 da GX280 sun yi ƙaurin suna a kan haka, kuma irinsu sun shigo Najeriya a matsayin tokumbo. Wanda ya koyi aiki a zamanin, har yau idonsa kan kafasita yake fara sauka, yana neman wadda kanta ya tasa.

Cire ta kuwa sai da haƙuri. Madabod hawa-hawa ne, da shimfiɗun tagulla a ciki masu shanye zafi, dalma ta ƙi narkewa. Mai gaggawa sai ya fizga, ya tsinke hanyar da ke can ciki wadda ba mai iya ɗinke ta.

In wuta ta cika ko'ina amma allo ya ƙi kawo hoto, zargi ya koma kan BIOS. Sai a ɗaga ɗan cif ɗin BIOS mai ƙafa 8, a sa shi a na'ura irin CH341A, a fara adana abin da ke cikinsa, sannan a rubuta masa sabo. Akwai kuma inda gwani kan tsaya da kansa: in babban cif ɗin da ƙafafunsa ke ɓoye a ƙarƙashinsa ne ya ƙone, kuɗin gyara kan zarce na bod ɗin tokumbo. Zai gaya maka haka, ya nemi ka bar masa gawar, domin mosfet da kafasitocin da ke jikinta za su tashi wani bod ɗin.