Ɗari Biyu a Idon Mutumin Damari: Nazarin Zanen Takardar Kuɗi

Takardar kuɗi littafi ne mai shafi biyu, kuma babu littafin da ya kai ta yawan masu karatu. Wannan nazari zai duba takardar naira ɗari biyu, wadda Babban Bankin Nijeriya ya fitar a shekarar 2000, ta fuskar mutumin Damari a ƙasar Birnin Gwari. Ra'ayina shi ne zanenta ya yi nasara wajen ba da tarihi, amma sabuntawar da aka yi mata a 2022 ta kasa ƙara masa komai.

A shafin gaba akwai hoton Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa da aka kashe a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966. Zaɓensa lissafi ne na siyasa, domin Awolowo yana kan naira ɗari, Azikiwe kuma yana kan ɗari biyar. Ke nan an raba wa shugabannin yankuna uku na lokacin neman 'yancin kai takarda guda-guda, don kada wani ɓangare ya ce an mance da shi. A shafin baya an zana dalar buhuna da shanu da kayan gona. Duk wanda ya san dalar gyada ta Kano ya gane saƙon: arzikin Arewa noma ne da kiwo, kamar yadda rijiyar mai da ke bayan ɗari biyar take wakiltar arzikin Kudu.

Ƙarfin wannan takarda na biyu shi ne ajami. A 2007 an cire shi daga naira biyar, goma, ashirin da hamsin, a 2014 kuma aka cire shi daga sabuwar naira ɗari, amma ɗari biyu ta tsira da nata. Masu sukarsa suna ɗaukarsa alamar addini, alhali Hausa ce zalla da haruffan Larabci, kuma adadin kuɗin kawai take faɗa. Ga dattijon da ya yi karatun allo bai shiga boko ba, wannan layi ne kaɗai yake masa magana kai tsaye.

Sai dai a Damari hoton baya ya zama abin takaici. Shanun da aka zana su ne ɓarayin daji suka yi ta korawa cikin dazukan Kamuku da Kuyambana, buhunan kuwa ba sa cika idan manomi yana tsoron zuwa gona. Da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da sababbin takardu a ranar 23 ga Nuwamba 2022, cikin dalilan da aka bayar har da daƙile biyan kuɗin fansa. Launi kawai aka sauya, zanen yana nan yadda yake. Abin da ya biyo baya shi ne ƙarancin kuɗi, wanda ya fi gallabar ƙauyukan da ba su da banki. A Fabrairun 2023 dole ta sa aka dawo da tsohuwar ɗari biyu, kuma Kaduna tana cikin jihohi ukun farko da suka kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki.

Wani zai ce ba aikin mai zane ba ne samar da tsaro. Gaskiya ne, amma hoton da hukuma ta buga ta sa wa hannu alkawari ne. Duk ranar da za a sake zanen, ya dace a bar ajamin, a bar Sardauna, sannan a sanya manomi da makiyayi da kansu a gefen buhunan da shanun, domin takardar yanzu ta nuna dukiya ba ta nuna masu ita ba.