Malamin Daji da Igiyar Awonsa

Ranar dashen itatuwa kowa gwani ne. A kawo 'yan itatuwa cikin leda, manya su tsuguna a ɗauki hoto, a watse. Wanda yake burge ni shi ne malamin dajin da zai koma wurin bayan shekara goma ko ashirin, da igiyar awo da littafi, ya gano ko tsare dajin ya haifar da ɗa mai ido.

A ƙasar Wurno, Rabah da Goronyo wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Tudun da aka sare wa itatuwa, ruwan sama ne yake kwashe ƙasarsa ya zuba a gulbi, wani kason kuma ya je ya kwanta a madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa kan Gulbin Rima a 1984.

Malamin dajin ba ya ƙirga dajin duka. Yakan yanki fili, a ce mita 50 tsawo, 50 faɗi, wato rubu'in hekta, ya kafa turaku a kusurwoyi huɗu, ya rubuta lambobin wurin daga na'urar GPS don kada ya ɓace wa na baya. Kowane itace da lambarsa: gawo, aduwa, bagaruwa, marke. Sai ya ɗora igiyar a jikin itacen, mita 1.3 daga ƙasa, daidai ƙirjin mutum, domin gindi yana da kumburi, yana yaudarar mai awo. Abin da ya samu ya raba da 3.14, kauri ya fito. In a gangare itacen yake, ta wajen tudu zai tsaya. In ya rabu biyu tun ƙasa da ƙirji, itace biyu zai rubuta. Kafin ya wuce ya shafa fenti a inda igiyar ta zauna.

Tsayi kuwa ko da sanda yana iya fitar da shi. Ya miƙe hannu riƙe da sanda mai tsawon hannun nasa, ya yi ta ja da baya har ta rufe itacen daga gindi zuwa ƙoli. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce tsayin.

Daga nan sai ya durƙusa, kuma a nan ne ake gane gwani. Mai wucewa a mota zai ga manyan gawo ya ce daji lafiya lau. Shi ƙananan yake nema. Dajin da ba matasan itatuwa a ƙarƙashinsa tamkar gari ne da ba a jin kukan jariri. Yakan duba kututture: sabon sara fari ne, tsoho ya yi baƙi, gara ta ci. Ya yi toho? Awaki sun cinye tohon?

Duk wannan bai isa hujja ba sai ya fita daga dajin da aka tsare ya auna wani fili mai irin ƙasar nan wanda ba a tsare ba. Damina ta ɗan gyaru bayan farin 1973 da na 1984, saboda haka koren da ake gani yana iya zama aikin ruwa ne kawai. Bambancin filayen biyu shi ne ladan tsarewa. Yakan kuma tambayi mata nisan da suke yi neman itacen girki, domin sau da yawa gatarin da aka hana nan maƙwabta yake komawa.

Inda rashin tsaro ya hana shiga, irin dajin Gundumi, sai a dogara da hoton tauraron ɗan'adam. Shi ma da sirrinsa: na rani ake zaɓa, bayan ciyawa ta bushe, musamman da yake gawo da damina yake zubar da ganye. Da gwada hotunan sama na 1975 da na 2005 ne masana suka tabbatar manoman Maraɗi da Damagaram sun raya itatuwa a kusan hekta miliyan 5 ta hanyar barin toho ya girma.

La'asar sakaliya zai zauna ya kwafe lambobinsa da rubutu mai kyau, har da ranar wata, saboda wanda zai zo ya ɗora igiya kan wannan fentin watakila yanzu yana firamare a Wurno.